Wayar da Aka Fasa da Guduma

Faɗanmu na farko da Plia Kue a kan kabewa muka yi shi. Gonarta da tawa suna jere a filin da muke haya wurin wani Bature a bayan garin Saint Paul na ƙasar Amurka, igiya ɗaya ce tsakaninmu, kabewarta kuwa ba ta san igiya ba. Ta yi yaɗo ta tsallako ta danne mini albasa. Na yi magana, na sake yi, rannan na ɗauki lauje na datse duk abin da ya ƙetaro na watsa mata a gona, na gyara ɗaurin zane ina jiran zagi. Lokacin yarinya ce, da goyo a bayanta. Da la'asar sai ga ta da kwano a rufe. Ashe tsince kan yaɗon ta yi ta dafa, ba gishiri ba mai, ta dire shi a gabana matan gona suna kallo, ta ce tunda ni na yanka ni zan ci, a gidansu ba a zubar da abinci. Na ce mata ba a haifi yarinyar da za ta ciyar da ni dole ba. Ta ce ba komai, Inna, za ta tsaya har a haife ta. Ta kuwa tsaya, hannu a ƙugu. Na ci, don sauro ya fara cizo kuma na ga da gaske take. Har gobe albasata ce mai gaskiya, amma daga ranar na san irin matar da aka ajiye mini a maƙwabta.

A kan duwatsun Laos aka haife ta ana tsakiyar yaƙi, a bayan uwarta ta ƙetare kogi zuwa Tailan kamar yawancinmu 'yan ƙabilar Hmong da ke nan. A sansanin gudun hijira ta yi wayo, can ta koyi ɗinkin ado da tsayuwa a layin ruwa ba tare da ta bari an shige gabanta ba. Tana budurwa aka kwaso su zuwa ƙasar ƙanƙara. Ta ɗan leƙa makaranta ta samo Turancin da zai ishe ta ciniki da faɗa, sannan ta auri Chong Neng, wani dogo mai shiru-shiru. Ita ta zaɓe shi a wasan jifan ƙwallo na bikin sabuwar shekara, wai don duk cikin samarin shi kaɗai ne bai yi mata waƙa ba. Da zafi tana gona da kasuwar manoma, da sanyi tana masana'antar da ake haɗa robobin asibiti. 'Ya ɗaya suka samu, Gao Nou, wadda yanzu take aikin jinya. Ɗa namiji bai zo ba, kuma duk sanda wata tsohuwa ta kawo mata saiwar da za ta jiƙa ta sha, sai ta karɓa ta yi godiya ta dasa a bakin gona. Da ciwon hanta ya ɗauke Chong Neng, mutane suka zuba ido su ga inda za ta jingina. Ba ta jingina ko'ina ba. Ta ƙara faɗin gonar barkono, ta koyi canza tayar mota.

Abin da ya tsayar da ita a cikin mutane shi ne shinkafar makoki. Mu ba ma gaggawa da mamaci. Kwanaki ake yi ana kiɗa ganga ana busa sarewar gora don a nuna masa hanyar komawa wurin kakanni, shanu suna faɗuwa, dangi suna tahowa mota-mota daga Wisconsin har California, kuma duk wanda ya sako ƙafa sai ya ci. Idan shinkafa ta yanke ko na ɗan lokaci, kunyar tana bin gidan har jikoki. Matan da ke riƙe da madambaci ba sa kai kansu. Gidan mamaci ke aiko maza biyu su tsaya a ƙofarki su rusuna su roƙe ki, kuma ba a roƙon mace mai tabo. Tun Plia da sauran ƙuruciyarta aka fara tsayawa a ƙofarta. Ga matar da ke da 'ya'ya maza, wannan girma ne kawai. Ga Plia kuwa ya fi haka. Ba ta da ɗan da zai tsaya a kan gawarta ya tara mutane. Abin da take da shi shi ne gidajen da ta dafa wa matattunsu, su ne za su dafa a nata makokin. Ba ta taɓa faɗar wannan da baki ba. Amma ko zazzaɓi take, in mazan nan biyu suka zo, tana tashi.

A wani makoki ne Cher Pao ya shigo mata madafa. Magidanci ne, yana da shagon gyaran waya a wata kasuwa mai rufi, mutum mai son a san ya iso. Ya ɗan sha, ya zo ya sungumi farantin tsokar da aka ware wa baƙin nesa zai kai wa abokan kartarsa. Plia ta ce ya ajiye. Ya ce ita wace ce, bazawara ce za ta hana shi nama a makokin kawunsa? Ta ɗaga muciya ta sauke masa a bayan hannu, ta ce ƙwarai bazawara ce, shi ya sa ba ta da mijin da zai zo ya ba shi haƙuri. Matan madafa suka kwashe da dariya, dariyar ta bi shi har waje. Ita kafin a sauke tukunya ta manta. Shi bai manta ba.

Gao Nou takan ɗauki uwarta a waya a rumfar kasuwa tana bayanin ganyayen da ake dafa wa mai jego da kaza, ta saka a intanet don jawo masu saye. Daga nan Cher Pao ya kwashi fuskar da muryar. Ya zuba su a injin nan na zamani da ake ce masa ƙirƙiro kaza ya ƙirƙiro, injin ya ɗora su a jikin wata mace tsirara a ɗakin otal tare da wani namijin da ba a ganin fuskarsa. Matar tana dariya, tana magana da harshenmu, da muryar Plia, har da yadda take jan ƙarshen magana. Ya tura wa abokan karta. Abokan karta suna da mata, matan suna da ƙawaye.

Ita ce ta ƙarshen sani. Ta dai ga masu sayen da suka saba tsayawa hira sun koma miƙo kuɗi suna kallon gefe, wasu mazan kuma da ba su taɓa sayen ko lawashi ba sun fara zagaye rumfarta suna murmushi. Aka yi rasuwa a dangin mijinta, ta wanke kwandunanta na turara shinkafa ta shanya, ta zauna jira, ƙofa shiru. Aka yi ta biyu, shiru. Sai da Gao Nou ta zo gona da kayan asibiti a jikinta, idanu jawur, ta miƙa mata waya. Plia ta kalla a tsaye har ƙarshe. Ta ce a mayar farko. Ta sake kalla. Sannan ta zagaya bayan rumfar kayan aiki ta yi amai, ta kurkure baki, ta dawo ta ci gaba da cirar ciyawa, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Abin da ya fi cin ranta ba tsiraicin ba ne, wannan jikin wata ne, ita ta san nata. Muryar ce. Ta ji kanta tana faɗar maganar da ko Chong Neng bai taɓa ji daga bakinta ba.

Ni da aka nuna mini na ce a kawar mini da shi, ƙarya ce, tun da nake ban taɓa ganin Plia a kwance da rana ba. Amma tsofaffinmu sun taso ne a inda ba a musu da abin da ido ya gani. Masu kirkin cikinsu suka ce wataƙila ita ce wataƙila ba ita ba, wanda ke nufin ba za a roƙe ta girki ba.

Gano mai aikin bai yi wuya ba. Wa ya turo miki, shi kuma wa ya turo masa, aka yi ta bi kamar ana neman gidan da mura ta fara shiga, har maganar ta ƙare a shagon Cher Pao. Gao Nou ta ce a tafi wurin hukuma, jihar nan ta yi doka a kan irin wannan. Wa Leng, babban dangin mijin Plia, ya ce ba a kai ƙazantar gida gaban Turawa, kuma yarinyar da gobe za ta yi aure ta koma wani dangi ba ita za ta koya masa gyaran suna ba. Plia da kanta ta ce wa 'yarta ta yi shiru. Ba hukunci take nema ba a lokacin, madafa take so a mayar mata, kuma ta san alƙali ba ya aiko maza biyu ƙofar kowa.

Aka yi zaman sulhu a gidan Wa Leng wata Asabar da hantsi. Dangin Cher Pao suka kawo saniya, aka jera dogayen tebura har cikin garejin mota. Aka tsaya a bakin ƙofa da kaza da ƙwai aka kira kurwar Plia ta dawo gida, tunda firgici ya kore ta. Dattawa suka bi layi suna ɗaura mata farin zare a wuyan hannu suna sa albarka, har hannun ya yi kamar an naɗe shi da bandeji. Cher Pao ya durƙusa ya ce in ya ɓata wa wani rai a yafe masa. Sannan aka zo kan babban abin da dattawa suka shirya suna ta alfahari da shi. Aka shimfiɗa tsumma a ƙasa, aka ɗora wayar Cher Pao, Wa Leng ya karɓi guduma ya yi ta dukanta har ta zama tsaki. Aka tattara a leda aka ce a kai kogi. A ganinsu an kashe abin ke nan, kamar yadda ake ƙona rigar mai cuta. Gao Nou ta buɗe baki, uwarta ta taka mata ƙafa.

Kafin a miƙa mata ƙoƙon sulhu, Plia ta roƙi abu ɗaya.

"Baffa, kowa yana nan. Ka faɗa da bakinka cewa matar da ke cikin abin nan ba ni ba ce."

Wa Leng ya goge gumi ya ce ba a ambaton irin wannan a kan abinci, kuma an riga an fasa, me ya rage? Wanda ya yi da wadda aka yi wa duk 'ya'yansa ne.

"Ban ce ka ambaci abin ba. Cewa na yi ka ce ba ni ba ce."

"Sha, matar ɗana. Mutane suna jiran nama."

Ta sha. Duk wanda ya ci saniyar nan ya koma gida da abin da ya zo da shi a ransa.

Zaren bai ma yi dauɗa a hannunta ba wani baƙo da ya zo daga wata jiha ya tsaya a rumfarta. Ya dubi wayarsa, ya dube ta, ya sake duban wayar, ya ɗaga damin alayyafo ya tambayi kuɗinsa, sannan ya rage murya ya tambayi kuɗinta ita kanta. Muryarta tana fitowa ƙasa-ƙasa daga tafin hannunsa. Plia ta karɓe damin ta mayar inda yake. Ta kwashe kayanta kasuwa na tsakiyar ci, abin da ba ta yi ba ko ranar da naƙuda ta kama ta, ta tuƙa har asibitin da 'yarta ke aiki, ta zauna a mota har aka tashi. Da Gao Nou ta fito ta ce mata, kai ni wurin dokar nan taki.

Lauyar da suka samu a wani ofishin taimakon mata ta yi mata bayani a hankali. Dokar ta ce wanda ya yaɗa haɗaɗɗen hoton tsiraici da fuskar mutum na gaske ba da yardarsa ba ya yi laifi, ko da bai taɓa ko gefen zanin mutumin ba, ko da jikin na wata ne. Plia ta saurara, ta yi tambaya ɗaya: a can za a faɗa da baki cewa ba ita ba ce? Lauyar ta ce ai ƙarar gaba ɗaya a kan wannan ta tsaya, kuma ɗakin shari'a a buɗe yake, duk mai so ya shiga ya zauna. Ta ƙara da cewa ana iya neman a sakaya sunanta don a rage mata kunya. Plia ta ce fuskarta ta je jihohin da ita kanta ba ta taɓa takawa ba, sunan ne za ta ɓoye? A rubuta shi, da manyan baƙaƙe in akwai.

Da labari ya kai ga Wa Leng, shi da wani dattijo suka zo gidanta. Ta hangi maza biyu a ƙofa ta zaci roƙon girki ne, amma ba rusunawa suka zo yi ba. Ya ce ta sha ƙoƙo, an ɗaura mata zare, mutane sun yanka saniya. Yanzu za ta sa a ɗaure magidanci mai 'ya'ya, ta mai da shi, Wa Leng, maƙaryaci a gaban wani dangi. Wa zai ƙara yarda da sulhun da ya yi? Ta ba su kujeru, ta kawo ruwa, ta bar shi ya gama.

"Baffa, sulhun da na sha a kan an kashe abu ne. Rannan abin ya zo har rumfata yana tambayar kuɗina. To wa ya karya?"

Ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya fasa waya da hannunsa kowa ya gani. Ta ce ta gani, ya kuma iya duka. Nan ya miƙe. Ya ce ta yi tunani, ita mace ce ba ɗa. In ta taka ɗakin shari'ar nan kada ta sa ran dangi tana raye, kada ta sa ran su ranar da aka shimfiɗe gawarta. Wannan ita ce maganar da ta fi tsoro a duniya, kuma ya san da haka. Ta dubi zaren hannunta. Sannan ta ce ai tun yanzu ba a kiranta, gara a ƙi ta a kan abin da ta yi da a ƙi ta a kan abin da inji ya yi. Da suka fita ta zauna a ƙasan madafarta ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Chong Neng. Washegari ta je aka ɗauki bayaninta.

Shari'ar Turawa ba ta sauri. Aka girbe kabeji, ƙanƙara ta rufe gonaki, ana ta ɗagawa. Ranar da aka zauna kujeru suka cika da mutanenmu, yawancinsu sun zo ne da fatan za a kunna abin a babban allo. Ba a kunna ba. Cher Pao, cikin kwat ɗin aro, ya bi shawarar lauyansa ya amsa laifi. Sai dai a can ba a amsa laifi da "in na ɓata wa wani rai". Alƙaliyar ta sa shi ya faɗa da bakinsa, daki-daki: a ina ya samo fuskar, a ina ya samo muryar, ko matar da ke cikin bidiyon Plia Kue ce. Ya ce ba ita ba ce. Ko ta san an yi, ko ta yarda? Ya ce a'a. Tafinta yana juyawa da harshenmu a hankali kusa da kunnen Plia. Ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta ta ce tana roƙon kotu tafintan ya ɗaga murya, ita ta ji, tsofaffin da ke baya ne kunnensu ya yi nauyi. Alƙaliyar ta dube ta ta saman tabarau ta ce a yi hakan. Aka maimaita da ƙarfi, har bencin ƙarshe inda Wa Leng ya zauna da hularsa a gwiwa.

Hukuncin bai kai yadda Gao Nou ta so ba. An ba da umarnin a sauke abin daga inda aka san yana nan, amma wayar kowa ba ta shiga hannun alƙali. Plia ba ta damu da wannan ba. Ta fito ta ce yunwa take ji, muka je muka sha miyar taliya mai zafi, ta cinye tata ta taɓa tawa.

Ta yi zaton daga nan za a dawo ƙofarta. Ba a dawo ba. Da can ana cewa wataƙila ita ce. Yanzu kowa ya san ba ita ba ce, sai laifin ya koma ta kai ɗan'uwa gaban Turawa bayan ta sha ƙoƙo. Mata suka riƙa zuwa rumfarta suna matsa mata hannu a ɓoye, wata ma ta raɗa mata cewa an yi wa 'yarta irin wannan a makaranta, wace lauya ce? Amma makoki ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, kwandunan Plia suna rataye.

Sai ga rasuwar Goggo Sua, wadda ta reni Chong Neng bayan yaƙi ya cinye iyayensa, wadda Plia ta yi ta wankewa tana juyawa a shekarunta na ƙarshe. Ko a wannan ma aka wuce ƙofarta aka roƙi wasu. Ranar farko ta je ta yi kuka a kan gawa kamar kowa ta koma gida. Washegari da safe ta sauko da kwandunanta, ta ɗaura zanin aiki, ta shiga madafar gidan makokin ta ƙofar baya, ta ce wa matar da ke kan madambaci ta matsa ta huta. Ina zaune a kan bokiti ina ɓarar tafarnuwa, na ga matar ta dubi ƙofa, ta dubi Plia, ta miƙa muciya.

Ba a jima ba Wa Leng ya leƙo. Ya ce, matar Chong Neng, wa ya kira ki? Ta ce ba kowa, ba ta ko ɗago daga tururi ba. Ya ce to ta san al'ada, ta fita da girmanta kafin ya sa a fitar da ita.

"Sa a fitar da ni, Baffa. Kira samari su ɗauke ni cak a gaban baƙi. Ga Gao Nou can da waya a hannu. Wannan bidiyon kam na gaske ne, ba mai cewa inji ya haɗa."

Dariya ta kufce wa wata ta mayar da ita tari. Wa Leng ya tsaya, ganga tana tashi a bayansa, baƙin nesa sun fara zama a tebur. Ya ce shinkafar teburin dattawa ta yi sanyi, ya juya. Plia ta dafa har aka gama makokin.

Ranar ƙarshe akan tara masu aiki su tsaya a jere, a kira sunan kowa, sannan mazan gidan mamaci su yi sahu a gabansu su zube a kan gwiwoyinsu su yi godiya. Mai kira ya kira ta dama da ita, ya tsallake, ya kira ta hagu. Plia ba ta motsa ba. Tun farko a tsakiyar layin ta tsaya, kafaɗa da kafaɗa da sauran, hannuwanta jawur saboda tururi, matan gefenta kuwa babu wadda ta matsa ta bar fili. Ba yadda za a yi mutum ya durƙusa wa ta dama da ta hagu gwiwarsa ba ta sauka a gaban ta tsakiya ba. Wa Leng ne a tsakiyar sahu, shi ne babba. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya zube, sauran suka bi shi. Ta kalle shi har ya tashi.

A waje, wurin ajiye motoci, na tarar da ita ta jingina da ƙofar motarta. Ta ce, Inna, ba su kira sunana ba. Na ce na ji, kunnena bai mutu ba tukuna. Ta ce to in haka za a yi ta yi fa, har ranar tata? Na dube ta, mace da furfura tana tambayata kamar yarinya. Ga abin da na ce mata kafin mu rabu:

"Ranar taki matan nan da suka ƙi matsawa su za su dafa, ko an roƙe su ko ba a roƙe su ba, kin nuna musu inda ƙofar baya take. Yanzu ki tafi ki jiƙa ƙafafunki a ruwan zafi. Asabar mai zuwa akwai makoki a hayin kogi, kuma ban ji an aiko miki kowa ba. Ki biyo ki ɗauke ni da wuri, ki kwashe kwandunan nan daga kujerar gaba, ni ba na zama a baya."